Mai Karkarwa da Mai Faɗuwa: Hanyoyin da Cutar Parkinson ke Bi a Ƙwaƙwalwa

Cutar Parkinson cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke taɓa motsin jiki. Tana shigowa a hankali. Galibi tana bayyana ne bayan shekara 60, ko da yake takan kama wanda bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da ita. Sharhin yau yana kan wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa likitoci kai. Me ya sa mutum biyu masu wannan cuta ba sa kama da juna?

Ga mutum na farko. Yana zaune, hannunsa a kan cinya, hannun yana ta karkarwa. Babban yatsa yana murza manuni ba tsayawa. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai karkarwar ta lafa. Da barci ya ɗauke shi, sai ta tafi. Amma tafiyarsa da sauƙi. Yana iya yin shekaru yana zuwa inda yake so da ƙafarsa.

Ga kuma na biyu. Hannunsa ba ya rawa, ko kuwa kaɗan yake yi. Tasa matsalar tana ƙafa. Yana tafiya a sunkuye, yana jan ƙafa, takunsa gajere. A bakin ƙofa yakan tsaya cak, ya ce ƙafarsa ta manne a ƙasa. In zai juya, sai ya yi tangaɗi. Kuma yana yawan faɗuwa.

Suna ɗaya likita zai rubuta wa su biyun. Amma sunan ne ɗaya. Hanyoyin da cutar ta taɓa a cikin ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. Wannan shi ne jigon bayanin, kuma za a yi ta komawa gare shi.

A fara da ɗan tarihi. A 1817 wani likita a birnin Landan, James Parkinson, ya bayyana cutar bayan ya lura da mutum shida. Karkarwa ce ta fi ɗaukar hankalinsa, har da ita ya sa wa cutar suna. Bayan shekaru da dama, babban likitan jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya lura cewa ba kowa ne ke karkarwa ba. Wasu sandarewar jiki da nawar motsi ne kawai suke damunsu. Shi ne ya ce a kira cutar da sunan Parkinson. Duk da haka, a idon jama'a karkarwa ce alamar cutar har yau. Wanda ya ga ɗan dambe Muhammad Ali, mai fama da cutar, yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa yana rawa, ba zai manta ba.

A 1990, Joseph Jankovic da abokan aikinsa a Amurka suka duba bayanan marasa lafiya 800. Suka raba su gida biyu. Gida na farko, waɗanda karkarwa ta fi rinjaye a jikinsu. Gida na biyu, waɗanda matsalar tsayuwa da tafiya ta fi rinjaye. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ba su faɗa ko'ina ba. Suka ga cewa a gida na biyu cutar ta fi saurin ci gaba, kuma ta fi hana mutum hidimar kansa. Wannan rabo shi ne ake amfani da shi a yawancin bincike har yanzu.

To, mene ne yake lalacewa a ƙwaƙwalwa?

Can ƙasa, a saman kututturen ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke haɗa ta da laka, akwai wani ɗan wuri mai baƙin launi. Ƙwayoyin da ke wurin suna samar da sinadarin dofamin. Suna aika shi zuwa wasu curarrun ƙwayoyin jijiya da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda masana ke kira basal gangiliya. Aikin basal gangiliya shi ne ba da izinin motsi. Ita ke sakin motsin da ake so, ta danne wanda ba a so. A cutar Parkinson, ƙwayoyin baƙin wurin nan suna mutuwa a hankali. Dofamin ya ragu. Motsi ya yi nauyi. A 1960 aka tabbatar da wannan ƙarancin a birnin Biyana na Ostiriya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 maganin lebodofa ya fara tayar da mutanen da suka daɗe a zaune.

Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Idan aka auna yawan dofamin da ya ɓace a babban ɓangaren basal gangiliya, yana tafiya daidai da nawar motsi da sandarewa. Wanda ya fi rasa dofamin, shi ya fi nawa. Amma ba ya tafiya daidai da karkarwa. Wani ya rasa da yawa, hannunsa shiru. Wani ya rasa kaɗan, hannunsa ba ya tsayawa. Haka kuma lebodofa. Yana sassauta jiki ƙwarai. Amma karkarwa, a wajen wasu tana jin maganin, a wajen wasu ko gezau. Faɗuwa kuwa, in cutar ta yi nisa, sau da yawa maganin ba ya hana ta. Ke nan ƙarancin dofamin shi kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Dole a duba yadda sassan ƙwaƙwalwa suke magana da juna.

Yanzu kuma, masu sauraro, ga yadda ake duba wannan magana.

Ana amfani da na'urar ɗaukar hoto ta MRI. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya shiga aiki, jini mai ɗauke da iskar oksijin yakan ƙaru a wurin. A 1990 wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar tana iya ganin wannan canji. A 1995 kuma Bharat Biswal, a birnin Milwaukee na Amurka, ya gano wani abin mamaki. Ko mutum yana kwance bai motsa ba, sassan da ke aiki tare suna tashi tare, suna sauka tare. Daga nan aka sami hanyar zana taswirar sadarwa ta ƙwaƙwalwa. Idan sassa biyu suna tashi da sauka a lokaci guda, sai a ce haɗinsu yana da ƙarfi. Idan kowa yana nasa, sai a ce haɗin ya yi rauni. A lura da kyau: wannan awo ba ya nuna jijiyar kanta. Daidaituwar lokaci yake nunawa. Akwai wani salon hoton daban da ke bin sawun zaren jijiyoyin, kuma ana haɗa su biyun.

A fara da mai karkarwa, domin a nan ne bayani ya fi fitowa fili.

Da'irori biyu ne suke kula da motsi. Ta farko ita ce ta basal gangiliya, wadda aka ambata. Ta biyu tana farawa daga ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wato sarabelam. Ita ce ke daidaita motsi, ta gyara shi yana cikin tafiya. Daga sarabelam saƙo yakan bi ta wata matattara da ake kira talamus, ya hau zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa inda ake ba tsokoki umarni, sannan ya komo. An daɗe ana muhawara a kan wacce ce take haddasa karkarwa. Dofamin a da'ira ta farko ya ɓace. Amma likitocin tiyata sun san cewa in aka taɓa talamus, a daidai wurin da saƙon sarabelam yake sauka, karkarwa takan tsaya nan take. To wacce ce mai laifin?

A 2011, Rick Helmich da abokan aikinsa a birnin Nijmegen na ƙasar Holan suka kawo amsa. Sun sa marasa lafiya a na'urar MRI, a lokaci guda suna auna rawar tsokar hannu. Karkarwar Parkinson ba ta tsayawa a mataki ɗaya. Takan taso, ta yi ƙarfi, ta lafa, ta sake tasowa. Sai suka ga abu biyu. A daidai lokacin da karkarwa take tasowa, basal gangiliya takan yi wani ɗan motsi na taƙaitaccen lokaci, sannan ta yi shiru. Amma muddin karkarwar tana ci gaba, da'irar sarabelam ce ke aiki. In aikinta ya ƙaru, hannu ya ƙara rawa. In ya ragu, rawar ta ragu.

Su masu binciken da fitila suka yi misali, amma fankar silin ma ta isa. Tana da makunni, tana kuma da abin murɗawa da ke ƙara mata gudu ko ya rage. Basal gangiliya ita ce makunnin. Da'irar sarabelam ita ce abin murɗawar. Ɗaya ta kunna, ɗaya ta riƙe gudun.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci. Da aka kwatanta masu karkarwa da marasa karkarwa, sai aka ga haɗin da ke tsakanin da'irorin biyu ya fi ƙarfi a wajen masu karkarwa. Wato ba yankewar sadarwa ba ce take damun mai karkarwa. Sadarwar ce ta yi yawa. Saƙon da ya kamata ya tsaya a da'ira ɗaya yana tsallakawa zuwa ɗayar, ya tayar da ita.

Wannan bayani ya warware abubuwa da dama da iyalai ke gani a gida. Me ya sa karkarwa take ƙaruwa in baƙi suka shigo, ko in hankali ya tashi? Masanan na Nijmegen sun sa marasa lafiya yin lissafi da ka a cikin na'urar. Karkarwa ta ƙaru, ƙwayar ido ta buɗe, bugun zuciya ya ƙaru, kuma saƙon da ke shiga talamus ya ƙara ƙarfi. Ke nan damuwa tana murɗa abin ƙara gudun. Ba raki ba ne, ba kuma da gangan mutum yake yi ba. Me ya sa kuma lebodofa yake yi wa wani aiki, ya ƙi yi wa wani? A wani bincike na 2019, masanan sun ga cewa waɗanda karkarwarsu ba ta jin magani, sarabelam ce ta fi aiki a kansu. Ita kuwa ba dofamin ne babban abin da ke juya ta ba.

To, wannan ke nan game da mai karkarwa. A juya zuwa mai matsalar tafiya. A nan labarin ya sha bamban.

Mai lafiya ba ya tunanin tafiya. Yana tafe yana hira, yana gaisawa, ƙafa tana aikinta. Wani ɓangare na basal gangiliya ne yake riƙe da irin wannan motsi na sabo. Shi ne kuma ɓangaren da ya fi rasa dofamin a cutar Parkinson. In ya gaza, ƙwaƙwalwa takan nemi mafita. Sai ta miƙa aikin tafiya ga sassan gaban goshi, masu kula da mai da hankali. Mutum ya koma yana lura da kowane taku. Yana iya tafiya, amma da tsada, domin hankalinsa duka yana kan ƙafa.

Mai da hankali kuwa da wani sinadari daban ya dogara, mai suna asitilkolin. Manyan wurare biyu ne suke samar da shi. Ɗaya yana ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, yana aikawa zuwa ɓawo. Ɗayan yana can a kututturen ƙwaƙwalwa, yana aikawa zuwa talamus, kuma yana da hannu a tsayuwa da taku. A 2009, Nicolaas Bohnen da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka kwatanta masu Parkinson da ke faɗuwa da waɗanda ba sa faɗuwa. Ba su ga wani bambanci a yawan dofamin ba. A asitilkolin suka gan shi, musamman a talamus. Masu faɗuwa su ne suka fi rasa shi. A taƙaice, hanyar farko ta lalace, madadinta ma ta yi rauni.

Hotunan sadarwa sun nuna haka. A birnin Naples na Italiya, a 2012, an ga cewa masu daskarewar ƙafa suna da raunin haɗi a da'irar mai da hankali da kuma da'irar gani. A jihar Oregon ta Amurka, a 2013, an bi sawun zaren jijiyoyin da ke fita daga wannan cibiya ta kututture, aka ga sun ragu, musamman a ɓangaren dama. A wannan shekarar kuma masana a Jami'ar Sydney ta Ostireliya suka yi wata dabara. Mutum ba zai iya tafiya a cikin na'urar MRI ba. Sai suka sa masa abin takawa a ƙafa, suka nuna masa hoton wani dogon lungu mai ƙofofi. Yana takawa, hoton yana matsawa. A daidai lokacin da ƙafa ta daskare, sai aka ga haɗin da ke tsakanin basal gangiliya da da'irar mai da hankali ya warware. Kowacce ta koma tana nata.

A saurara da kyau, domin nan ne zuciyar maganar. A wajen mai karkarwa, da'irori biyu sun riƙe juna fiye da kima. A wajen mai daskarewa da faɗuwa, da'irorin da ya kamata su riƙe juna sun saki. Sunan cutar ɗaya, hanyoyin da ta bi daban.

Shi ya sa mai irin wannan matsala yake tsayawa a bakin ƙofa, ko wajen juyawa, ko in an yi masa magana yana tafe. Duk abin da ya janye hankali ya janye abin da ke riƙe da ƙafa. Shi ya sa kuma wasu dabaru masu sauƙi suke aiki. In aka ja layuka a ƙasa, sai ya riƙa tsallaka su ɗaya bayan ɗaya. In ana ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ana tafi a kan kari, sai ƙafa ta saku. Alamar da ta zo daga waje tana bi ta ido ko kunne, ta kewaye wurin da ya lalace. A 2010 likitoci a Nijmegen sun ba da labarin wani mutum da daskarewa ta hana shi yin ko ƴan taku, amma da aka ɗora shi a kan keke, sai ya tuƙa lafiya lau.

Yanzu sai a ɗan ja birki. Wannan rabo na gida biyu yana da amfani, amma ba a sassaƙe yake a dutse ba.

Mutane suna sauya gida. A wani babban bincike da gidauniyar Michael J. Fox ta fara a 2010, an ga cewa da yawa daga cikin sababbin marasa lafiya sun tashi daga wani rukuni zuwa wani a cikin shekara guda. In shekaru suka ja, akasari daga karkarwa ake komawa matsalar tafiya. A ƙasar Norwe an bi marasa lafiya tsawon shekara takwas, aka ga cewa mantuwa mai tsanani ta fi samun waɗanda suka koma rukunin matsalar tafiya. Wannan ya dace da abin da aka faɗa, tunda asitilkolin ɗin da ke riƙe da taku shi ne ke riƙe da tunani. Saboda haka a 2016 wani likita a Oregon, John Nutt, ya yi tambaya mai nauyi. Shin nau'i biyu ne na cuta, ko kuwa matakai biyu ne na tafiya ɗaya? Har yanzu ana muhawara a kai.

Shi ma awon na MRI yana da nasa rauni. Yawancin binciken a kan mutane ƴan ƙalilan aka yi su. Ɗan motsin kai a cikin na'ura yana iya ƙirƙiro haɗin da babu shi, ga shi kuwa mai karkarwa ba ya iya kwanciya shiru. Wasu an ɗauki hotonsu bayan sun sha magani, wasu kafin su sha. Shi ya sa sakamakon wannan cibiyar bincike wani lokaci yake saɓa wa na waccan. Don haka babu likitan da ke amfani da irin wannan hoto wajen tantance cutar a asibiti. Da ido da hannu da tambaya ake gane ta. Abin da ya fi ƙarfi a cikin hujjojin shi ne na karkarwa, domin tiyata ta gaskata shi.

Ga yadda ta gaskata shi. A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid ya sa siririyar waya a talamus, ya tura ɗan lantarki mai saurin bugawa. Karkarwa ta tsaya. Amma nawa da sandarewa suna nan, domin su a ɗaya da'irar suke. Da aka matsar da wayar zuwa cikin da'irar basal gangiliya a farkon shekarun 1990, sai aka sami sauƙin karkarwa da nawa da sandarewa gaba ɗaya. Faɗuwar da ba ta jin lebodofa kuwa, galibi ita ma wayar ba ta magance ta. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata hanya ta ƙona ɗan wuri a talamus da igiyar sauti, ba tare da buɗe kai ba, kuma ga masu rinjayen karkarwa aka amince da ita. Kowace hanya tana yi wa da'irar da ta taɓa aiki ne kawai.

Akwai wani giɓi da ya shafi nahiyar Afirka. Kusan duk waɗannan hotuna a Turai da Amurka da gabashin Asiya aka ɗauke su. Amma cutar tana nan ma. A 2023 wani bincike da ya ƙunshi ɗimbin ƴan Najeriya, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1. Sauyin yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, kuma a tsakanin masu asali da Afirka ta Yamma ya fi yawa. Binciken Turai bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya faru da ƙwayar gado yana iya faruwa da taswirar sadarwa.

Jama'a masu sauraro, in akwai mai irin waɗannan alamu a gida, a kai shi wurin likita, in da hali likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. Wadda take tasowa sai an ɗauki cokali ko alƙalami, sau da yawa wata aba ce daban. Kuma rashin karkarwa ba ya nufin babu cutar. In an je, a faɗa wa likita abin da ya fi damun mara lafiyar: rawar hannu ce, ko nawa, ko daskarewa, ko faɗuwa, da kuma lokacin da abin yake tasowa. In yana tafiya, a bar hira sai ya zauna. In ƙafa ta manne, kada a ja shi da ƙarfi. A tsaya kusa da shi, a ƙirga masa taku. A kawar da tabarma mai naɗewa da igiyoyi daga hanyarsa, a kuma bar haske a inda yake bi da dare. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.